Baba Ya Tafi Bai Faɗa Mini Ranar Shuka Ba

Ruwan farko na bana a kan tabarmin makoki ya same mu. Muna zaune a ƙofar gidan surukina, mahaifin matata, washegarin ranar da muka kai shi makwancinsa, sai iska ta taso daga gabas bayan la'asar. Aka naɗe tabarmi a gurguje, muka cunkushe a zaure, masu gaisuwa da 'yan gida. Akwai waɗanda suka zo daga Roni, akwai 'yan kasuwar hatsi na Ɓaɓura da suka saba da shi, akwai dangin uwarsa daga Gwiwa.

Tun safe magana ɗaya ake juyawa. A ce ya haƙuri, mu ce da godiya. A ce Allah ya jiƙan Baba, mu ce amin. Wani ya ce Baba ne ya sasanta shi da ɗan'uwansa a rigimar iyakar gona. Wata tsohuwa ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce duk kaka sai ta tarar da damin gero a jingine da dangarta, ba wanda ya taɓa cewa daga ina yake, amma ita ta san ɗaurinsa. Ta faɗa ta juya tana share ido da bakin mayafi.

Da ruwan ya sauko, sai baki ya mutu. Manoma ne cike da zauren, kuma na ga idon kowa ya koma waje. Wani dattijo maƙwabcin marigayin ya daɗe yana kallon ruwan da ke zuba daga indararo, sannan ya ce, ba da kowa yake ba:

"To bana wa za mu kalla?"

A unguwarmu ba a yin shuka sai Baba ya fito da sunguminsa, fartanyar nan mai dogon ƙota da ake saran ramin shuka da ita. Wata shekara ruwa zai zuba kamar da bakin ƙwarya, ya zauna abinsa a zaure yana gyaran igiya, kowa ya zauna. Wata shekara ruwan bai kai ya kawo ba, sai a gan shi da sassafe ya saɓa sungumi, gari ya bi shi. Wasu a zauren suna da nasu sanin, za su iya yanke wa kansu. Ni ba ni da shi. Kuma irin geron da ke ɗakina na shuka ɗaya ne. In na zuba shi a ƙasa ruwa ya ɗauke, rana ta ƙone tsiron, ba ni da wani. In na jira kuma ashe damina ce ta zauna, an bar ni a baya. Rumbuna ya kusa ƙasa, ga yara. Ina zaune a makokin mutumin da na fi jin nauyi a duniya, amma abin da ke cina a rai ke nan.

Ni ba ɗan manomi ba ne. Mahaifina tela ne a cikin Kazaure, kakana ma allura ya riƙe. Na tashi ban san bambancin tsiron gero da na dawa ba. Da na girma na kama acaɓa, da shi na yi aure, da shi na ciyar da gidana, har ranar da wasu suka tare ni a hanya suka karɓe babur ɗin, suka bar ni da karaya a kafaɗa. Na warke na tarar ba abin yi. Matata ce ta ce mu koma garinsu, mahaifinta zai ba mu aron gona. Duk wanda ya san mu ya san abin da ke cikin wannan: namiji da gemunsa ya kwashi iyali ya koma gindin surukinsa. Na yi ta jinkiri har yunwa ta yanke mana shawara.

Baba bai ce mini komai ba ranar da muka iso. Ba zai iya ba. Matata 'yar farinsa ce, ko sunanta ba ya kamawa, sai dai ya ce "yarinyar nan". Ni kuwa mijin 'yar fari, in muka haɗu a hanya na durƙusa na gaishe shi, kansa a gefe yake amsawa. Ba na cin abinci a gabansa, ba na zama a tabarmar da yake, ba na ɗaga ido na dube shi. Haka muka gada, kuma ban taɓa jin abin ya yi mini nauyi ba sai da na zama ɗalibinsa. Yaya za ka koyi sana'a a wurin wanda ba ka iya yi wa tambaya, shi kuma ba ya iya yi maka gyara?

Ƙanin matata ya aiko ya nuna mini gonar, wani yanki mai yashi da ke manne da tasa. Shi wannan ƙanin abokin wasana ne, ba ya raga mini. Ya miƙo mini fartanya ya ce:

"Ga sabon babur ɗinka, ɗan birni. Wannan ba ya shan mai, kai zai sha."

Ya yi gaskiya. Kafin hantsi tafin hannuna ya yi ruwa, bayana ya ƙi miƙewa. Ina saran ƙasa kamar mai faskare. A nan ne na fara jin yadda Baba zai koyar da ni. Yana da wani baƙin jaki da yake kira Duna, yana ɗaure shi a gindin gawon da ke kan iyakarmu. Sai na ji ya ɗaga murya daga can:

"Kai Duna, in mutum ya riƙe fartanya a wuya kamar zai yanka ta, ai kafin azahar shi za a ɗauka. A sassauta hannu. A bar ƙarfen ya yi aikinsa. Ciyawa ake yankewa, ba rijiya ake haƙa ba."

Na sassauta hannu. Jakin ya ci gaba da kaɗa kunne.

Haka karatuna ya fara, haka kuma ya ci gaba. Duk abin da na sani na noma, ta kunnen jakin nan ya biyo. In na yi sara da nisa, Duna ne zai ji cewa ƙasa ba ta yi yawan da za a yi ta ɓarnarta ba. In na zuba iri na rufe da ƙarfi, Duna za a gaya wa cewa ƙwayar gero ba gawa ba ce, a taka ta da sauƙi. In na yi daidai ba a cewa komai, sai dai na ji yana 'yar waƙarsa ƙasa-ƙasa. Mutanen da ke wucewa sun san abin da ake ciki, suna dariya. Ƙanin matata yakan ce, "Yaya, kai da Duna wa ya fi ƙoƙari a ajin? Na ji an ce shi ya zo na ɗaya."

Ba wai ban nemi sani a wani wuri ba. Na nema. Akwai shirin manoma a rediyo, ban taɓa bari ya wuce ni ba. Ƙanin matata yana nuna mini bidiyo a wayarsa, mutane a wasu ƙasashe da injuna da bututun ban ruwa, ƙasarsu baƙa wuluk. Amma duk mai magana a ciki, da wanda ya riga ya iya yake magana. Za a ce a sa taki bayan noman farko. Ba wanda zai tsaya ya ce wa mutum ga yadda noman farkon yake, ga nisan da za ka bari tsakanin takin da gindin shuka don kada ya ƙone ta. Su a wurinsu wannan kowa da shi aka haife shi. Ni ba da shi aka haife ni ba, kuma na san ba ni kaɗai ba ne. A 'yan shekarun nan na ga direbobi da masu shago da leburorin birni da yawa sun dawo sun ɗauki fartanya ba su san ta inda ake fara ta ba.

Akwai ranar da na ga wani tsiro mai fure ja-ja ya fito a gindin gerona, kyakkyawa. Na yi noma na kewaye shi, na bar shi. Har na tsinko wa ƙaramar 'yata. Baba ya zo wucewa ya tsaya cak. Ban taɓa jin muryarsa ta yi kauri haka ba.

"Duna, ka ga ɓarawo ya shigo gida an shimfiɗa masa tabarma. Ƙuduji ke nan. A ƙarƙashin ƙasa yake kama saiwar gero yana tsotsa. A tuge shi tun bai zubar da 'ya'ya ba, a fitar da shi daga gonar, a ƙone. In ya zuba, jikoki ma sai sun sha wahalarsa."

Ranar har magariba ina tugewa. Da na ɗaga kai sai na ga shi ma ya sunkuya a ɗaya gefen gonata yana yi, bayansa a wajena.

Sau ɗaya muka yi faɗa, in har za a kira shi faɗa. A daminata ta farko gero ya fito mini cunkus a kowane gurbi, kore shar. Na ji daɗi ƙwarai. Na ji ana gaya wa Duna cewa a rage, a bar kaɗan masu ƙarfi a cire sauran. Na yi kamar ban ji ba. Ni da na sha wahala kafin su fito, in sa hannuna in tuge abin da ke da rai? A lissafina, yawan tsiro shi ne yawan hatsi. Aka maimaita wa Duna washegari. Na sake toshe kunne.

Wata safiya na iso na tarar da rabin gonata an bi ta gurbi-gurbi an cire, tsiron a zube a ƙasa yana yaushi. Zuciya ta taso mini. Na koma gida ina huci na ce wa matata wani maƙiyi ya shiga gonarmu, kuma sai na kai ƙara wurin mai unguwa. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Malam, maƙiyin nan da asuba na ji ya wuce da tarinsa. In za ka kai shi ƙara, ka tsaya in ɗauko mayafi in raka ka, tunda ubana ne."

Amma fushin bai sauka ba. Na yi kwanaki ina zuwa gona ta wata hanya don kada mu haɗu. Shi ma ya daina ɗaure jakin a gindin gawo. Gona ta yi tsit. Sai a lokacin na gane yadda na dogara da muryar nan. Ina tsaye a tsakiyar shuka ban san abin da ke gaba ba, ba wanda zan tambaya. Ni na fara sauka. Na yanko ciyawa mai kyau na kai gidansa na zube a gaban jakin, na durƙusa na gaida Baba kamar kullum. Washegari Duna ya dawo gindin gawo.

Bai taɓa ɗaya rabin ba, ya bar mini shi yadda nake so. Da kaka ta yi, gefen da ya rage ya ba da zangarniya masu kauri, nawa gefen kuwa sai kara sirara da kawuna kamar yatsa. Na jira a gaya wa Duna wani abu a kai. Ba a gaya masa ba. Har ya bar duniya bai tayar da maganar ba.

Alherinsa ma haka yake yin sa, ta bayan fage. Yana da amini, wani dattijon Bafulatani daga wajen 'Yankwashi, wanda duk rani yake kawo shanunsa su kwana a gonar Baba su bar masa taki. Abotarsu ta girme ni. A ranin da ya biyo bayan daminata ta farko, na je gona na tarar da shanun a yankina, an kafa turaku a inda ƙasata ta fi mutuwa. Na ɗauka kuskure ne, na je na gaya wa dattijon cewa iyakar tana can. Ya yi murmushi ya ce:

"Yaro, na san iyakar nan tun ba a haifi matarka ba. Inda aka ce in ɗaure na ɗaure."

A shekarar gonar Baba ba ta yi kyau ba. Tawa ta yi. Da mutane suka tambaye shi, ya ce ƙasa ce ta gaji.

Ba komai ya sani ba, kuma ba ya ɓoyewa. Shekarar da wata baƙuwar tsutsa ta shiga dawa tana cin zuciyarta, na gan shi ya ɓare kara ya daɗe yana kallonta a tafin hannunsa. Ya ce, "Duna, wannan ban san ta ba. Ubana ma bai san ta ba." Ya sa aka sayo magani a kasuwar Ɓaɓura. Muka tsaya a kan kwalbar, shi daga can ni daga nan, ba mai iya karanta abin da ke jikinta. Mai sayarwa ya ce murfi ɗaya, wani ya ce uku. Muka fesa yadda muka ga dama, ganyen ya ƙone, tsutsar tana nan. Da malamin gona ya samu zuwa, mutum ɗaya ne garuruwa sun yi masa yawa, Baba ya shimfiɗa masa buzunsa, ya zauna a ƙasa yana saurare kamar yaro. Bayan ya tafi na ji an ce:

"Duna, ni na tsufa, idona ya tafi. Amma da a ce akwai mai sauran ƙuruciya a gidan nan, ai da ya shiga ajin manya da ake yi a makarantar firamare da yamma. Noman yanzu ya koma cikin takarda."

Dalilin shigata ajin yaƙi da jahilci ke nan, da furfura a gemuna. Na sha dariya a wurin ƙanin matata, ya ce zai saya mini jakar goyo da alewa. Na daure. A hankali baƙaƙe suka fara tsayawa wuri ɗaya. Ranar da na fara haɗa kalma, na ɗauko tsohuwar kwalbar nan da murna in karanta. Na juya ta, na sake juyawa, ban gane ko ɗaya ba. Na kai wa malaminmu na aji, ya duba ya ce ai wannan Faransanci ne, daga Nijar ta shigo, shi ma ba ya ji. Da labari ya kai wa Baba ta bakin matata, an ce ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Amma ya ce a gaya wa mai karatu kada ya fasa. Daga baya malamin gona ya kawo wasu 'yan takardu da Hausa. Nakan zauna a gindin gawo in karanta da ƙarfi, ina tuntuɓe, wai Duna nake karanta wa. Baba yana can gefe yana gyaɗa kai, wani wurin ya ce haka ne, wani wurin ya ce a ƙasarmu ba haka ba ne.

Abu ɗaya ne bai taɓa bi ta kunnen jakin ba, shi ne yadda yake gane ruwan shuka. Wannan shi kaɗai yake yin sa. In an yi ruwa yakan fita tun gari bai gama wayewa ba, ba jaki ba kowa. Ni dai abin da na sani, in ranar ta yi zan ji tarinsa a bayan dangata da ƙarar sungumi yana jan ƙasa, sai in ɗauki ƙwaryar iri in bi shi. Kowace shekara ina cewa bana zan san dabarar da zan tambaya. Kowace shekara shuka takan zo da gaggawarta ta wuce.

Ciwon ajalinsa ya kama shi bayan kakar da ta wuce. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi gajere. Aka kai shi asibiti a Kazaure aka dawo da shi. Da zafi ya tsananta, bazara ta matso, na ga ba zai tashi ba. Na shirya tambayata, na maimaita ta a hanya. Na je na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinsa, ba a ciki ba. Na gaishe shi da jiki. Ya amsa. Jakin yana can bayan gida, ba wanda za a gaya wa. Tambayar tana bakina, amma tambayar mara lafiya yadda za a yi shuka ba shi, kamar ce masa ne na san ba zai kai ba. Shi ya fara magana.

"Ana ba Duna ruwa?"

Na ce ana ba shi, Baba.

"A kula da shi. Ya yi haƙuri da ni. Ya iya fiye da yadda yake zato."

Na ce to, Baba. Na tashi na fita don kada ya ji abin da ya taso mini. Maganarmu ta ƙarshe ke nan, kuma ita ce mafi tsawo da muka taɓa yi ba kowa a tsakani.

Bayan ruwan makoki gari ya rabu biyu. Ƙanin matata ya ce shi gobe zai shuka, wanda ya tsaya ya tsaya. A karon farko bai yi mini wasa ba. Dattijon maƙwabci ya ce ruwan yaudara ne. Rediyo ta ce ana sa ran damina za ta fara sannan ta ɗan tsaya a wasu wurare, ba ta ce ko namu wurin yana ciki ba. Na buɗe takardar malamin gona, na bi ta da yatsa, ta ce a yi shuka idan ruwa ya zauna. Na nemi inda ta faɗi yadda ake gane ya zauna, babu. Na sa aka kira malamin a waya, yana wani gari mai nisa. Ya ce in tona ƙasa in ga inda laima ta kai. Na je na tona. Na ga laima, na ga inda ta tsaya. Na durƙusa a gaban ramin da hannuna a ciki, ban san ko wannan ya isa ko bai isa ba. Shekarun da na yi ina noma, ashe bin bayan mutum nake yi.

Ranar sadakar uku aminin Baba ya iso, ya makara don yana can da shanu. Bai yi kuka ba, ya dai zauna a inda Baba ke zama ya ƙi cin komai. Da mutane suka ragu na matsa kusa da shi. Shi ba surukina ba ne, ina iya tambayarsa. Na ce ya gaya mini sirrin da Baba ke gane ruwan shuka da shi.

Ya dube ni ya ce:

"Sirri? Yaro, duk shekara in zai fito da sungumin nan, sai ya biyo ta rugata tukuna. A kawo masa nono ya kasa sha. Yana tona ƙasa, yana duban gabas, yana duban tururuwa, duk yana yi. In ya gama, tsoron yana nan inda yake."

Na ce amma ai bai taɓa kuskure ba.

"Wa ya gaya maka? Kafin ka zo akwai shekarar da ya fita gari ya bi shi, ruwa ya ɗauke, komai ya ƙone. Gida-gida ya bi yana ba da haƙuri, ya rabar da irin da ya rage masa. Tun daga nan ba ya zuba irinsa duka a shukar farko, sai ya ɓoye rabi. Ba ka lura ba?"

Ban lura ba. Ina bayansa ina kallon ƙafata.

Na ce masa nawa irin ba shi da yawan da za a raba. Ya ce to in raba gonar. Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya ce Allah ya ba mu haƙuri, ya kama hanya.

Washegari na ɗauki sungumin Baba, matata tana bina da ƙwarya tana zuba iri tana takewa. Muka shuka gefen da shanu suka kwana, muka bar sauran. Ba wanda ya yi tari a bayan danga. Ni na fita da kaina, kuma da na waiwaya na ga mutum biyu sun fito da nasu sungumin don sun ga na Baba a kafaɗata. Na so in ce musu su koma, ni ban san komai ba. Ban iya ba.

Yau da nake rubuta wannan, ruwa bai sake sauka ba. Geron ya fito, ya yi kwanaki yana kore, yanzu da hantsi ganyen yake naɗewa kamar tsinke. Kullum da safe ina zuwa in duba, in dawo. Hadari yakan haɗu da yamma ya yi duhu, iska ta watsa shi. An fita roƙon ruwa. Rumbuna ya ƙare, na share ƙasansa da hannuna.

Shekaranjiya matata ta ce mini garin tuwo ya ƙare, abin da ƙaninta ya aiko ma ya tafi. Ƙaramar 'yarmu tana zaune tana lasar murfin tukunya. Na dubi ƙwaryar sauran irin da ke rataye a ɗaki. Na ce ta sauke ta daka ko rabi ne, yara su samu na yau, in ruwa ya zo Allah zai kawo wani.

Ta sauke ƙwaryar. Ta tsaya da ita a hannu.

"Malam, in muka ci wannan, me za mu mayar a ƙasa in na farko ya mutu?"

Na ce ban sani ba.

"Ni ma ban sani ba. Amma yau zan tafasa musu zogale da ƙuli, gobe ma haka. Wannan ba abinci ba ne."

Ta yafa mayafi, ta ɗora ƙwaryar a ka, ta fita. Ɗakin mahaifiyarta ta kai, inda tsohuwar ke zaman takaba, ta tura ta ƙarƙashin gado. Ta san ko yunwa za ta kashe ni ba zan ɗaga labulen ɗakin nan ba.

Allah ka jiƙan Baba, ka yalwata masa kabarinsa, ka saka masa da abin da ya yi wa wanda ya zo masa hannu wofi bai san komai ba. Ka sanyaya makwancinsa. Mu kuma da ya bari a tsakiyar gona, ka dube mu. Irin yana ƙarƙashin gadon tsohuwa, sungumin yana jingine a ƙofata, gabas kuma har yanzu fari fat.